Me ya sa ma'aunin ci gaba ke tsayawa a sifili alhali rumbun bayanai yana tsaka da aiki?

Daga watan Shawwal zuwa farkon Zulhajji, ofisoshin kamfanonin da ke hidimar alhazai a Makka da Jidda kan cika da irin aikin da kwamfuta ba ta gamawa nan take: shigar da sunayen dubban maniyyata daga fayil guda, raba musu ɗakuna a masauki da tantuna a Mina, jera su a motoci, sannan a fitar da takardar kuɗi ga kowace hukuma ko kamfanin jirgin yawo da ya turo su. A Hajjin 2024 mahajjata sun haura miliyan 1.8 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Saudiyya, kuma Nijeriya kaɗai kujeru 95,000 aka ware mata a 2023, saboda haka ko kamfani matsakaici yana iya samun kansa da sunaye dubu goma-goma da zai sarrafa cikin 'yan kwanaki. Matasanmu Hausawa da ke rubuta wa irin waɗannan ofisoshi manhajojin intanet sun san ƙorafin da ke biyo baya: ma'aikaci ya danna maɓalli, shafi yana ta juyawa, kuma babu mai iya faɗa masa ko aikin yana tafiya, ko ya maƙale, ko ya daɗe da mutuwa.

Matsalar farko tana bakin ƙofa, tun kafin a isa ga rumbun bayanai. An gina tsarin HTTP, ƙa'idar da shafukan intanet ke tafiya a kai, a kan cewa burauza za ta tura buƙata, sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, ta amsa cikin ɗan lokaci, a rabu. Duk na'urorin da ke tsakanin su biyun suna da iyakar haƙuri. Nginx, idan ba a sauya saitinsa ba, daƙiƙa 60 yake jira kafin ya mayar da kuskure mai lamba 504. Gunicorn, wanda masu rubutu da Python ke yawan amfani da shi, yakan kashe shirin da ke amsa buƙatar idan ya yi shiru na daƙiƙa 30. Cloudflare kuwa a shekarun baya yakan yanke haɗi a wajen daƙiƙa 100 da lamba 524. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, yankewar shafi ba ta nufin aikin ya tsaya. Rumbun bayanai na PostgreSQL yakan ci gaba da gudanar da umarnin da aka ba shi ko da wanda ya aiko shi ya tafi, domin ba ya gane haka sai lokacin da ya zo miƙa amsa. Sai a siga ta 14, a 2021, aka ƙara saitin da ke sa ya riƙa duba ko haɗin yana nan, kuma shi ma a kashe yake zuwa. Ke nan ma'aikacin da ya ga kuskure a allonsa ya sake danna maɓalli ya tayar da aiki na biyu a kan na farko da bai ƙare ba, su biyun suna rububin tebur ɗaya, wato jadawalin da rumbu ke ajiye bayanai layi-layi. Ƙara wa'adin jira zuwa minti goma ko ashirin, wanda shi ne abin da gaggawa ke sa a yi, ɗage matsalar kawai yake yi zuwa ranar da fayil ya fi na yau girma.

Maganin wannan sashe sananne ne, ba ya buƙatar dogon bayani. Sabar ta karɓi buƙatar, ta rubuta ta a teburin ayyuka, ta mayar da amsa mai lamba 202, wadda ma'anarta ita ce an karɓa amma ba a gama ba, tare da lambar aikin. Wani shiri daban da ke gudana a bayan fage shi ne zai ɗauki aikin daga jerin jira ya yi. Celery a Python, Sidekiq a Ruby, da tsarin jerin jira na Laravel a PHP duk don wannan aka yi su, kuma wanda ba ya son ƙara wata na'ura yana iya mayar da teburin kansa jerin jira da umarnin SKIP LOCKED, wanda ya shigo PostgreSQL a siga ta 9.5 a 2016, rumbun MySQL kuma a siga ta 8.0. Layin kowane aiki a teburin ya ƙunshi wanda ya tayar da shi, halin da yake ciki, matakin da ya kai, adadin da aka gama, jimillar da ake sa ran yi, da lokacin da aka taɓa layin na ƙarshe.

A nan ne wahalar gaske take farawa, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Mai rubuta manhaja mai kula zai so shigar da maniyyata 40,000, a ce, ya kasance cikin tiransakshan guda, wato ƙunshin aiki wanda ko dai ya shiga rumbu gaba ɗayansa ko kuma kada ko ɗaya ya shiga. Wannan tunani daidai ne. To amma sai ya sa a cikin madaukin aikin, wato sashen shirin da ke maimaita kansa a kan kowane suna, cewa duk bayan suna 500 a sabunta layin aikin da adadin da aka kai, ya buɗe shafin da ke karanta wannan layi, sai ya tarar ma'aunin ci gaba, wato alamar da ke nuna kason aikin da aka gama, yana zaune a sifili na tsawon minti ashirin, sannan farat ɗaya ya yi tsalle zuwa ɗari. Babu kuskure a rubutunsa na lissafi. Rumbun bayanai ne ke cika alkawarin da aka gina shi a kai, cewa abin da tiransakshan ya rubuta ba ya bayyana ga kowa sai an tabbatar da shi da umarnin COMMIT. Adadin ci gaban da aka rubuta a cikin tiransakshan ɗin yana cikin abin da aka ɓoye. Kamar magatakarda ne da ya kulle kansa a ɗaki yana kwafin littafi, duk shafin da ya gama sai ya rubuta lambarsa a wata takarda da ke cikin ɗakin tare da shi. Masu jira a zaure ba za su ga takardar ba sai ya buɗe ƙofa, lokacin da ba ta da sauran amfani.

Dabaru biyu da kan fara zuwa a rai ba sa fitar da mutum, musamman a PostgreSQL. Ta farko ita ce a umarci shafin da ya karanta abin da ba a tabbatar ba, da matakin keɓewa na READ UNCOMMITTED. SQL Server da injin InnoDB na MySQL suna yarda da haka, amma PostgreSQL yana karɓar umarnin ne kawai, ya ci gaba da nuna abin da aka tabbatar kaɗai. Ta biyu ita ce a yi amfani da NOTIFY a aika sanarwa daga cikin aikin. Ita ma ba a isar da ita ga masu sauraro sai tiransakshan ya kammala, don haka duk sanarwar za ta taru ta iso lokaci guda a ƙarshe.

Akwai kuma tarkon da ya fi waɗannan muni. Da zarar tiransakshan ya sabunta layin aikin, ya kulle shi har ƙarshe. Idan ma'aikaci ya danna maɓallin dakatarwa, wanda aikinsa shi ne ya rubuta a wannan layin cewa a tsaya, shi ma zai shiga jiran kullen, ba zai samu shiga ba sai aikin da yake son tsayarwa ya gama da kansa.

Mafita ita ce a fitar da rubutun ci gaba daga cikin tiransakshan. Hanya mafi sauƙi ita ce shirin bayan fage ya buɗe haɗi biyu da rumbu: ɗaya na babban aikin, ɗaya kuma na rubuta adadi kawai, wanda ke tabbatar da kowane rubutu nan take. Sharaɗi guda ne, kuma karya shi yana da tsada: kada haɗin farko ya taɓa layin aikin ko ya riƙe kullensa. Idan aka ɗauko aikin daga jerin jira da kulle, aka bar kullen a riƙe cikin babban tiransakshan, haɗi na biyu zai tsaya jiran na farko, na farko kuma ba zai motsa ba domin shirin yana jiran na biyu ya dawo. Rumbu yana da hanyar gano tiransakshan biyu da suka maƙale da juna ya kashe ɗaya, amma wannan maƙalewar ba ya ganinta, saboda rabinta a cikin manhaja take, ba a cikinsa ba. Wasu sun fi son ajiye adadin a Redis, wata ma'ajiyar bayanai ta daban, wanda ba ruwansa da tiransakshan na rumbu, kuma yana da sauri. Abin lura kawai shi ne halin ƙarshe na aikin, wato ya yi nasara ko ya faɗi, a rubuta shi a rumbu na ainihi. Rumbun Oracle ya daɗe da tanadin wannan a jikinsa, da tiransakshan mai cin gashin kansa da kuma ƙunshin DBMS_APPLICATION_INFO da ke ba shiri damar sanar da inda ya kai. A PostgreSQL, idan aikin gaba ɗaya a cikin rumbu yake gudana, ana iya amfani da dblink a buɗe haɗi na biyun daga ciki, ko a aika saƙo da RAISE NOTICE wanda ke isa ga shirin da ya kira aikin ba tare da jiran tabbatarwa ba. Har ma akwai masu amfani da ma'aunin lambobin jere na rumbu (SEQUENCE), tunda lambar da ya bayar ba ta komawa baya kuma kowa na iya ganinta. Dabara ce mai aiki, sai dai wanda zai gaji manhajar zai sha wuya kafin ya gane abin da aka nufa da ita.

Wata hanyar ita ce a fasa yin tiransakshan guda, a raba aikin rukuni-rukuni, kowane rukuni a tabbatar da shi tare da adadin ci gabansa. Tun siga ta 11, a 2018, PostgreSQL ya ba da damar yin haka ko a cikin shirin da aka ajiye a rumbu. Wannan hanya tana da fa'idodi na gaske. Kulle ba ya daɗewa, idan sabar ta faɗi ana ci gaba daga rukunin ƙarshe, kuma ba a hana rumbu share tsofaffin kwafin layuka ba, abin da dogon tiransakshan ke hanawa har tebura su kumbura. Amma fa a sani cewa an sauya ma'anar aikin, kuma wannan shawara ba ta mai rubuta manhaja kaɗai ba ce. Idan rabon ɗakuna ya tsaya a tsakiya, rabin alhazan wata jiha suna da ɗaki a manhaja, rabi ba su da shi, kuma jami'in da ya buɗe shafin a wannan lokaci zai ɗauka abin da ya gani shi ne rabon ƙarshe, ya fara kiran waya. A irin wannan aiki, a ganina, mafi aminci shi ne a zuba sakamakon rukuni-rukuni a wani tebur na wucin gadi da ma'aikata ba sa gani, sannan idan an kammala a mayar da shi babban tebur da ɗan gajeren tiransakshan guda. Ta haka an samu ma'auni mai motsi, ba a kuma rasa ƙa'idar ko duka ko babu ba. Wajen ci gaba daga inda aka tsaya, a ajiye lambar layin ƙarshe da aka gama a nemi waɗanda suka fi ta, kada a dogara da tsallake adadi da OFFSET, wanda ke ƙara nauyi yayin da ake nisa kuma yake iya tsallake layi idan tebur ya sauya.

Takardun kuɗi hukuncinsu daban. Tun 1 ga Janairu 2023 hukumar zakka da haraji da kwastan ta Saudiyya ta fara mataki na biyu na tsarin Fatoora, inda manhajar kamfani ke haɗuwa kai tsaye da ta hukuma, ana shigar da kamfanoni zango-zango. Takardar da aka riga aka tura ba a goge ta, sai dai a fitar da wata takardar gyara, kuma kowace takarda tana ɗauke da lambar jere da hatimin wadda ta gabace ta. Abin da ya fita daga rumbunka zuwa wata sabar, warware tiransakshan ba ya dawo da shi. Saboda haka a nan ba adadi kawai ake ajiyewa ba. Halin kowace takarda ake rubutawa a tabbatar, ɗaya bayan ɗaya, ma'aunin kuma ya zama ƙirgar waɗanda suka wuce.

Duk wannan ya shafi aikin da shiri ke yi layi-layi. Idan kuwa umarni guda ne aka miƙa wa rumbu, kamar gina fihirisa, wato jerin da ke saukaka nema, a kan babban tebur, shirin ba shi da madaukin da zai ƙirga a ciki, sai a tambayi rumbun da kansa. PostgreSQL ya fara bayar da rahoton ci gaban VACUUM, mai share tsofaffin kwafin layuka, a siga ta 9.6, na gina fihirisa a ta 12, na ANALYZE, mai tattara ƙididdigar tebur, a ta 13, na COPY, mai kwafar bayanai tsakanin fayil da tebur, kuma a ta 14 ta hanyar pg_stat_progress_copy, wanda ke nuna layuka da baiti nawa aka sarrafa. Oracle yana nuna wasu ayyukan da suka wuce daƙiƙa 6 a V$SESSION_LONGOPS, SQL Server kuma yana da ma'aunin kaso a sys.dm_exec_requests ga ayyuka irin su ajiye kwafin rumbu da mayar da shi. Shirin bayan fage ya ajiye lambar zamansa da rumbu a layin aikin kafin ya fara, domin a san wane rahoto ne nasa. Sai dai waɗannan rahotanni ba su haɗa da umarnin sauya layuka (UPDATE) ko na karanta su (SELECT) na yau da kullum a PostgreSQL ba. Wanda ya tura umarni guda da zai sauya layi miliyan biyu zai iya ganin cewa yana gudana da lokacin da ya fara, amma ba zai ga inda ya kai ba, kuma idan yana son ma'auni dole ya raba umarnin.

Sannan akwai tambayar da ake rainawa: kaso nawa cikin me? Kafin a ce an kai rabi sai an san jimilla, kuma ƙirga layukan babban tebur a PostgreSQL shi ma aiki ne mai ɗaukar lokaci. Ga fayil, girmansa da baitin da aka karanta sun wadatar. Ga tebur, ƙiyasin da rumbu ke ajiyewa a pg_class yakan isa, muddin an tanadi abin da za a nuna idan adadin ya zarce ƙiyasin. Abin da ya fi ɓata ma'auni shi ne ayyukan da ke da matakai marasa daidaito. Karanta fayil, tantance lambobin fasfo, rubutawa a tebur, da gina fihirisa ba sa cin lokaci iri ɗaya, kuma wanda ya ƙirga matakin rubutu kaɗai shi ne ke haifar da ma'aunin nan da ke kaiwa kashi 99 ya zauna. Jakob Nielsen, a littafinsa na 1993 kan sauƙin amfani da manhaja, ya sa daƙiƙa 10 a matsayin iyakar da hankalin mutum ke zama a kan aiki, bayan haka yana buƙatar alamar yaushe za a gama. Ni dai na fi ganin amfanin a rubuta sunan mataki da adadi ƙarara, misali ana tantance fasfo, 12,500 cikin 40,000, a kan kaso guda da aka haɗa da ƙiyasi. Hasashen sauran lokaci kuwa, in za a nuna shi, a lissafa shi daga saurin mintunan baya-bayan nan, a kuma faɗe shi a dunƙule. Kada a rubuta adadin bayan kowane layi. Sau ɗaya a daƙiƙa ɗaya ko biyu ya isa, domin a PostgreSQL kowace sabuntawa sabon kwafin layi take haifarwa.

Isar da adadin ga burauza shi ne sashen da ake yawan jayayya a kai, alhali shi ne mafi sauƙi. Burauza na iya tambayar sabar duk bayan daƙiƙa biyu ko uku, ko a buɗe hanya mai zuwa ɗaya ta Server-Sent Events wadda ke sake haɗa kanta idan ta yanke, ko a yi amfani da WebSocket, wanda aka daidaita ƙa'idarsa a 2011. Hanya ta biyu tana da tarkuna: Nginx yakan tara saƙonnin ya ƙi sakinsu sai an kashe masa wannan ɗabi'a, kuma a kan HTTP/1.1 burauza ba ta buɗe haɗi fiye da shida da adireshi guda, don haka ma'aikaci mai buɗe shafuka da yawa yana iya toshe kansa. Ga ofishin da ke da ma'aikata ashirin ko hamsin, tambaya a kai a kai ta wadatar, kuma ita ce ta fi jure wa yanayin ranakun Mina da Arfa, inda jami'i ke duba aiki a waya, layi yana ɗaukewa yana dawowa. Abin da ba a sassautawa a kai shi ne, halin aikin a sabar yake zaune, ba a shafi ba. Idan an rufe shafin an sake buɗewa, ko abokin hulɗa a Kano ya buɗe nasa, abu ɗaya za su gani. Lokuta kuma a ajiye su da agogon duniya na bai ɗaya, a juya su wajen nunawa, tunda Makka tana gaban Nijeriya da awa biyu.

Saura aikin da ya mutu bai sanar ba. Idan aka kashe shirin bayan fage, ko ƙwaƙwalwar na'ura ta cika, layin aikin zai ci gaba da cewa ana gudana har abada, domin wanda zai gyara shi ne ya mutu. Don haka shirin ya riƙa sabunta lokacin taɓawa na ƙarshe ko da adadi bai motsa ba, wani ƙaramin shiri kuma ya riƙa duba ayyukan da suka yi shiru fiye da kima ya ayyana su a matsayin matattu. Sake tayar da su yana buƙatar a gina aikin ta yadda maimaita shi ba zai ninka sakamako ba, misali a sa rumbu ya ƙi karɓar lambar fasfo ɗaya sau biyu a Hajjin shekara guda. Wannan ba kariya ce daga haɗari kaɗai ba. Celery, idan an haɗa shi da Redis, yakan sake miƙa saƙon da ba a tabbatar da karɓarsa ba bayan awa ɗaya, don haka dogon aikin da aka saita kada a tabbatar da shi sai ya ƙare yana iya samun tagwaye yana tsaka da gudana.

Dakatarwa ma tana da nata tsari. A aikin rukuni-rukuni, shirin ya duba alamar tsayawa tsakanin rukuni da rukuni. A umarni guda, pg_cancel_backend yana soke umarnin ya bar haɗin, pg_terminate_backend kuma ya yanke haɗin gaba ɗaya. A PostgreSQL warwarewa ba ta ɗaukar lokaci, amma a InnoDB sai an bi duk abin da aka rubuta an mayar da shi, abin da kan iya ɗaukar lokacin da ya kai na aikin ko ya fi, don haka teburin ayyuka yana buƙatar wani hali na ana dakatarwa, dabam da an dakatar, kuma maɓallin farawa ya zauna a kulle har sai an fita daga cikinsa. Shafin da ke bayar da halin aiki kuma ya tabbatar mai tambaya yana da izini a kan wannan aikin, domin rahoton kurakurai kan ƙunshi sunaye da lambobin fasfo, waɗanda dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya, da ta fara aiki a Satumba 2023, ta shafa. Lambar aiki mai bin jere, wadda kowa zai iya ƙara ɗaya a kanta ya ga ta wani, ba ta dace da irin wannan shafi ba, kuma fayilolin rahoton a sa musu wa'adin da za a share su bayan an rufe lissafin shekarar.